Zafin Afrilu da masu MS: ƙafata ta ƙi ɗaukata, ciwon ne ya tashi?

Maman Iman: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri zan yi dogon rubutu don wallahi hankalina a tashe yake. Ni ce wadda Anti Bilki ta sa a gurup ɗin nan watan jiya, ina Tudun Wadan Zariya, shekara biyu kenan da aka yi min hoton MRI aka ce MS ne, wato multiple sclerosis, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Tun bayan sallah abin ya canza min. Da safe lafiya lau nake tashi in yi shara in shirya yara in tafi makarantar da nake koyarwa, amma daga ƙarfe sha biyu zuwa la'asar sai ƙafar hagu ta yi nauyi kamar an ɗaura mata buhun siminti, jan ta kawai nake yi, idon dama kuma ya yi hazo, abin da na rubuta a allo da hannuna ma ba na gani sosai. Jiya na sauka daga keke a bakin layinmu, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba sai da na zauna sau biyu a dakalin mutane. Abin da ya ɗaure min kai shi ne bayan isha'i in na yi wanka sai in ji kamar ba ni ba, ƙafar ta saki, idon ya washe, gobe kuma a maimaita. Shin ciwon ne ya tashi? Tsorona kar a ce sai an sake kwantar da ni a yi min ƙarin ruwan nan na kwana biyar, ga yara ƙanana ga ba kuɗi

Anti Bilki: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai amsa min abu uku. Akwai zazzaɓi? Kina jin zafi in kina fitsari ko kina yawan zuwa fiye da da? Sannan ƙafar nan da idon nan, su ne waɗanda suka taɓa ba ki matsala a baya ko wani sabon waje ne?

Maman Iman: Su ne dai Anti, da idon ma aka fara. Zazzaɓi ban ji ba. Maganar fitsari kuma dama can ina da ita

Anti Bilki: Toh kinga ni, shekarata sha ɗaya da wannan ciwon, kuma duk shekara daga Maris zuwa saukar ruwa a Mayu haka nake zama a nan Samaru. Shekarar farko kuka na dinga yi na ɗauka shanyewa zan yi, har wasiyya na yi wa yayata. Sai da wani likita ya zaunar da ni ya zana min a takarda. Jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka suna da wata riga da ta lulluɓe su, mayelin ake ce mata, ita ke sa saƙo ya yi gudu daga kai zuwa ƙafa. Ciwonmu garkuwar jiki ce take kuskure ta dinga cin wannan rigar. Inda ta ci ya warke ya bar tabo, saƙo yana wucewa amma da ƙyar, kamar wayar wuta da ɓera ya ɓantare aka naɗe da leda. Da zarar jinin jikinki ya ɗumama, ko da rabin digiri ne, sai wajen tabon nan ya kasa wucewa da saƙon gaba ɗaya. Shi ya sa tsohon ciwon ne yake dawo miki ba sabo ba, shi ya sa kuma da kin yi wanka kin huce yake tafiya. Ba wai ciwon na ƙara cin jijiya ba ne a lokacin. Abin ma yana da suna, alamar Uhthoff ake ce masa, wani likitan ido Bajamushe Wilhelm Uhthoff ne ya fara rubuta shi tun 1890, ya lura marasa lafiyarsa in sun motsa jiki idonsu na dishewa, in sun huta ya dawo. Mafi yawan masu MS suna fama da shi, ba ke kaɗai ba ce

Maman Iman: Allahu akbar, wallahi Anti kamar kin sauke min dutse daga ƙirji

Sista Rabi: Sannu Maman Iman. Bayanin Anti daidai ne amma bari in ƙara abin da muke dubawa a wajen aiki kar a ɗauka komai zafi ne. Tashin ciwo na gaske shi ne sabuwar alama ko tsohuwa ta tsananta ta wuce awa 24 ba ta sauka ba, kuma babu zazzaɓi babu wata cuta a jiki. Naki da yake zuwa da rana ya tafi da dare ya fi kama da na zafi. Amma fa zafin jiki ba daga rana kaɗai yake zuwa ba, maleriya na kawo shi, cutar mafitsara na kawo shi, kuma ita ta mafitsarar tana iya zama a jikin mai MS ba tare da ta ji wani zafi ba. Don haka ki je a yi miki gwajin maleriya da na fitsari, ba su da tsada. In kuma kin wayi gari idon bai washe ba, ko wani waje da bai taɓa ciwo ba ya mutu, kar ki tsaya tambaya a gurup, ki nemi likitanki na asibitin Shika ko inda kike ganin likita

Hajiya Ƙofar Doka: Salamu alaikum. Ni ba ni ce mai ciwon ba 'yata ce, ni nake riƙe mata waya a nan. Ina karanta ku kullum amma yau sai na yi magana. Ni dai ban gamsu da wannan maganar sanyi sanyi ba. Mu mun taso in ƙafa ta yi nauyi ko jijiya ta riƙe gashi ake yi da ruwan zafi a shafa man zafi, sanyi shi ne ke shiga ƙashi ya kashe mutum a tsaye. Yanzu kuma ku ce yarinya ta dinga shan ƙanƙara tana kwara ruwan sanyi, in ta tsufa fa wa zai ɗauke ta

Abu Hanif: Mama barka da yamma, ki gafarce ni in faɗa miki abin da ya faru da ni da kaina. Ni tela ne a Sabon Gari, kuma ina da ciwon nan shekara shida, don wasu na ɗauka na mata ne kawai, a'a mata sun fi yawa ne amma muna nan. Kafin a gano mene ne, mahaifiyata ta ce sammu ne ko iska, aka karɓo min magani na sirace, a tafasa ganye a tukunya a lulluɓe ni da bargo. Wallahi Mama da ƙafata na shiga ƙarƙashin bargon nan, ƙannena biyu ne suka ciccibo ni suka fito da ni, hannuna ko kofi ba ya iya riƙewa. Mai maganin ya ce ai alamar magani ya kama ne abin yana fita, a ƙara gobe. Aka ƙara sau uku, kowane karo haka. Kuma duk sanda aka shimfiɗe ni a siminti iska ta buge ni bayan awa ɗaya sai in miƙe. Mahaifiyata ba mugunta ta yi min ba, abin da ta sani ta yi, kuma ga ciwon gwiwa irin nata gashin yana mata amfani har yau. Namu ne ba irin shi ba, namu ba a ƙashi yake ba

Anti Bilki: Abin da Abu Hanif ya faɗa Hajiya, a da can kafin a samu na'urar MRI har gwaji likitocin Turai suke yi da shi, a sa mutum cikin bahon ruwan zafi a gani ko alamomin za su fito. Sun daina ne don an samu hanyar da ta fi, kuma mutane na galabaita

Hajiya Ƙofar Doka: Toh ni yanzu kun sa ni cikin tunani. Don ita 'yar tawa ciki gare ta wata takwas, watan gobe za ta haihu in Allah ya yarda, kuma gida za ta zo wanka. Na riga na sa an tara min itace. Tunda ta samu cikin nan ma ta fi lafiya, har sandar dogarawa ta ajiye, ni na ɗauka ta warke ne

Sista Rabi: Mama dan Allah ki saurare ni da kyau a nan, don wannan ya fi duk abin da muke tattaunawa muhimmanci. Yawancin masu MS ciwon yana lafawa lokacin ciki musamman watanni ukun ƙarshe, amma wata ukun farko bayan haihuwa lokaci ne da ya fi saurin tashi, ba warkewa ta yi ba. Ki haɗa wannan da wankan jego na tafasasshen ruwa safe da yamma kwana arba'in, a watan Mayu, ga jariri a hannu. Mace na iya yanke jiki ta faɗi a banɗaki, kuma in akwai inda fatarta ba ta ji sosai za ta ƙone ba ta sani ba. Ko ga mai lafiya ma, tun shekarun 1970 likitoci a nan Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashi. Ba ina raina al'adarmu ba ne, ni ma an yi min wankan. Amma ita a yi mata da ruwa mai ɗumi kaɗan wanda za ki iya barin gwiwar hannunki a ciki, a zaune kan kujera, wani na kusa. Kuma ku sanar da likitan jijiyarta tun yanzu cewa haihuwa ta kusa don ya tsara maganar magani da shayarwa

Hajiya Ƙofar Doka: Ni ba zan cuci 'yata ba. Dangin mijin ne abin ji, za su ce na ƙi gasa musu yarinya ta ɗanyace

Anti Bilki: Hajiya ki sa ganyen darbejiyarki a ruwan yadda aka saba, ki rufe ƙofa, wa zai shigo ya auna zafin ruwan? Shi mijin dai a kai shi gaban likita ya ji da kunnensa, in ya tsaya mata magana ta ƙare

Hajiya Ƙofar Doka: Zan yi magana da babanta tukuna

Ummu Sadiq: Sannunku da gida. Ni ina Ingila yanzu amma 'yar Gyallesu ce. Nan akwai wata riga mai kamar falmaran da ake sa ƙunshin ƙanƙara a cikinta, mutane na sawa a ƙarƙashin kaya, tana taimaka min sosai duk da zafin nan bai kai rabin na gida ba. Maman Iman in da hali ki sa AC ko a ɗaki ɗaya ne, shi ne maganin abin gaba ɗaya

Ɗan Kongo: Anti AC da wace wutar? Mu a layinmu kwana uku kenan ko ƙyaftawa ba ta yi ba, waya ma a shago nake caji. Jiya wayata digiri 40 ta nuna da azahar. Ni ɗalibi ne, lakca ta ƙarfe biyu na daina zuwa don in na fito ƙafafuna rawa suke yi kamar na sha wani abu, har wani ya taɓa tambayata ko ƙwaya nake sha

Ummu Sadiq: Ka yi haƙuri ƙanina, na yi magana kamar na manta gida. Allah ya kawo sauƙi

Abu Hanif: Ba komai Anti ai rigar da kika faɗa ni na ɗinka tawa. Na gani a Facebook na ce wannan ai ba abin da zai gagari tela. Yadin auduga na samu na yi falmaran mai aljihu huɗu daga ciki, biyu a ƙirji biyu a baya, na yi mata shafi biyu. Fiya wata mai ƙanƙara nake saye wajen masu firiza na bakin kasuwa in zura guda huɗu, in ɗora riga a kai. Yana kai ni awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya narke, in ya narke in fasa in shanye in sa wani daga kula. Shagona kwano ne ba silin ga dutsen guga na gawayi, da ba don rigar nan ba da na rufe shago duk bazara. Gugar ma yanzu na bar wa yaro, a waje yake yi

Sista Rabi: Dabara mai kyau, shafin nan da ka yi shi ne muhimmi. Kar kowa ya ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata, musamman inda ya yi dindiris ba ka ji, tana ƙuna kamar wuta. A naɗe a tsumma ko tawul

Maman Iman: Malam Abu Hanif ana yin ta mata? Don ni hijabi nake sawa har ƙasa, ba wanda zai gani

Anti Bilki: Yawwa kin taɓo inda nake so. Wane irin hijabi, wane kala?

Maman Iman: Irin mai santsin nan, baƙi da ruwan toka, da safa

Anti Bilki: Toh ai a cikin leda kike yawo ƙanwata. Wannan yadin roba ne, zufa ba ta fita ta bushe, kuma bushewar zufa ita ce ke sanyaya jiki. Ki samu yadin auduga mara nauyi mai haske a ɗinka miki, atamfar ciki ma mai auduga sakakkiya, ki rage siket na ciki da vest da duk wani tarkace. Ni ga yadda nake yi, ban ce dole haka kowa zai yi ba. Ruwan tankin da ke saman gida da rana ya zama na shayi, don haka da asuba nake tara na wanka in zuba a babbar randa a inuwa, wanka uku nake yi kuma wanda ya fi min amfani shi ne na kafin in fita, ba na bayan na dawo a galabaice ba. In kin sanyaya jiki tun kafin ki shiga rana kin sayi kamar awa guda. Ina jiƙa ƙaramin tawul in sa a wuya ƙarƙashin hijabi. A jakata akwai robar feshi irin ta masu kitso, in fesa a fuska da hannu in yi fifita. Fanka kaɗai in ɗaki ya yi zafi sosai iskar zafi take watso miki, sai kin jiƙa jiki tukuna take aiki, kuma Allah ya taimake mu iskar Zariya kafin damina busasshiya ce, ruwa na saurin bushewa a fata. In na dawo gida ƙafa cikin baho, hannu har gwiwa cikin bokiti, minti goma sha biyar. Girki kuwa na rana na daina shi tun tuni, bayan asuba nake yin miya da komai in zuba a kula. Tsayuwa kan murhu ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ko mai lafiya ya ji a jikinsa balle mu

Maman Iman: Girkin nan shi ne rigimata a gida. Uwar mijina tana zaune da mu, ba ta cin abincin kula sai sabon tuwo, in na ce ba zan iya ba sai ta ce da safe ai garau kike, son jiki ne. Ni abin da ke min ciwo kenan, ciwon da ba a gani a fuska

Hajiya Ƙofar Doka: 'Yar nan ki yi haƙuri da ita, ni ma na faɗa wa tawa irin wannan maganar kafin in gane, har yau abin na damuna. Ki samu yarinya ko 'yar maƙwabta ta dinga tuƙa mata tuwon, ke ki yi miyar da safe. Kuma ɗakin naki na siminti ne da kwano ko?

Maman Iman: Eh Mama, haya ne, ba silin, kuma rana ta yamma a bangon take sauka

Hajiya Ƙofar Doka: Shi ya sa. Mu nan cikin gari ɗakin kakarsu na ƙasa ne mai rufin soro, bango kamu biyu, da azahar in kin shiga kamar an yi yayyafi. Can nake kai 'yata ta yi ƙailula tun kafin in san dalili. Aka zo aka rushe irin su duk aka yi na bulo ana ganin ci gaba ne. Ki sa a kafa miki zana ko asabari a jikin bangon yamma ɗin da ɗan tazara, rana ta daki zanar ba bangon ba

Abu Hanif: Gaskiyar Mama. Ki ƙara da rufe taga da labule mai kauri tun ƙarfe goma, sai bayan magariba a buɗe, mutane na yin akasin haka. Da dare kuma tsakar gida cikin gidan sauro, kar garin gudun zafi a kwaso maleriya. In maigida zai iya silin ko na kwali ne ya fi sayen wata fankar

Ɗan Kongo: Tambaya Sista. Ni allura nake yi wadda ake ajiyewa a firiji, ɗan uwana ke aiko min. Da rashin wutar nan na yi tunanin tukunya cikin tukunya, irin wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya ci kyautar Rolex a 2000, a zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Zan iya sa allurar a ciki?

Sista Rabi: Don ruwan sha da tumatir da kankana tana da kyau ƙwarai, kowa ma ya yi. Amma allurar da aka rubuta a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 8 tukunya ba za ta kai ta nan ba. Ka karanta takardar cikin kwalin, wasu an yarda su zauna a waje na wasu kwanaki in zafin bai wuce iyakar da aka rubuta ba, kuma ɗakunanmu yanzu sun wuce wannan iyakar. Ka nemi mai kemis ko wani gida mai firijin sola ka ajiye a can, kuma ka gaya musu kar a sa a firiza, in ta daskare ta lalace. Tunda an zo maganar magani, masu shan oxybutynin don fitsari ko amitriptyline don zugin jijiya ku sani suna rage zufa, jiki na saurin ɗaukar zafi. Ban ce kowa ya daina ba, ku gaya wa likita ne. Maman Iman ban ji kin ambaci ruwa ba, kofi nawa kike sha daga safe zuwa tashi daga makaranta?

Maman Iman: Gaskiya Sista ba na sha. Shayi kawai da safe. In na sha ruwa fitsarin ba ya jira, banɗakin yana can ƙarshen makaranta, sau ɗaya abin ya kusa kunyata ni a gaban yara tun daga ranar na daina sha sai na koma gida

Anti Bilki: Innalillahi. Ƙanwata awa bakwai a wannan zafin ba ruwa, bayan kin fito daga azumi

Sista Rabi: Na gode da kika faɗa don na san ba ke kaɗai ba ce a gurup ɗin nan, kunya ce ke hana mutane. Amma wannan dabarar ita ke ƙara miki ciwon. Ba ruwa ba zufa, ba zufa jiki ba ya hucewa. Sannan fitsarin da ya yi kauri ya yi ja shi ke ƙara tsikarar mafitsara ya sa ki ji matsuwa, kuma shi ke jawo cutar da na ce a gwada. Ki dinga shan kofi guda mai sanyi a lokaci sananne, ki je banɗaki bayan kamar rabin awa zuwa awa ɗaya ko ba ki matsu ba, ki daidaita shi da lokacin tara. Shayin ki rage, shi da kofi da lemon kwalba mai baƙi suna ƙara matsuwar. Ki sa audugar mata don kwanciyar hankali, ba abin kunya ba ne. Kuma ki faɗa wa likita, ana duba ko mafitsarar tana juyewa duka, akwai abin da ake yi

Abu Hanif: Ki roƙi hedimistires ta mayar miki da darussa safe, ta ba ki ajin da ke kusa da banɗaki. In kin kai takardar asibiti da wuya ta ƙi

Maman Iman: Zan gwada. Wani abu kuma da ke cin raina, na sha azumi goma sha ɗaya bana, kwanakin da na kasa tashi. Ina so in rama yanzu in samu sittu shawwal amma ina tsoro

Malam Na Palladan: 'Yar uwa Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a suratul Baƙara, ya rama a wasu kwanakin na daban, bai ce sai a Afrilu ba. Lokacin ramuwa a buɗe yake har zuwa azumi mai zuwa, Nana A'isha Allah ya ƙara mata yarda ta ce takan kai Sha'aban kafin ta rama nata. Sha'aban mai zuwa kuwa a Janairu zuwa Fabrairu zai faɗo, cikin hunturu, yini gajere ga sanyi. Sittu shawwal nafila ce, ba a jefa jiki cikin cuta saboda nafila. Matata ma mai ciwon ce, a Disamba take rama nata ɗaya ɗaya

Ɗan Kongo: Ni kuma hunturun in ya yi tsanani ƙafata ƙagewa take yi da asuba, amma dai ya fi min wannan sau goma

Ummu Sadiq: Haka nake a nan lokacin sanyi, kowa da yadda nasa yake

Maman Iman: Salamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana huɗu. Na yi gwajin, maleriya babu, amma fitsarin an samu cuta a ciki, an ba ni magani na fara sha, Sista Allah ya saka miki da alheri don ni ko kaɗan ban ji alama ba. Na fara wankan kafin fita da tawul a wuya, ina tafiya da falas na ruwan sanyi. Ƙafar har yanzu tana nauyi wajen ƙarfe biyu amma jiya na iso gida ban zauna a dakalin kowa ba, idon kuma in na wanke fuska na zauna minti ashirin yana washewa. Hedimistires ta ce canjin darussa sai sabon zango, ajin dai ta canza min. Maigida ya karanta duk abin da kuka rubuta, shi ya je Sabon Gari ya sayo zana, maganar tuwo ce dai har yanzu ba mu gama ba

Sista Rabi: Alhamdulillah. Ki shanye maganin duka ko kin ji sauƙi, kuma ki faɗa wa likitanki ranar asibiti

Hajiya Ƙofar Doka: Ni ma babanta ya ce a bi maganar likita, ranar Talata za mu je da mijin. Itacen na ce a bar shi na girkin suna

Abu Hanif: Maman Iman ki turo awon ƙirji da tsawon riga ta hannun Anti Bilki, matata za ta ɗinka miki, kuɗin yadi kawai za ki bayar. Ɗan Kongo kai ma ka biyo shago da safe kafin rana ta yi, akwai ragowar yadin da zai ishe ka